Wayarka Lafiyarta Ƙalau, Izini Ne Ba A Ba Ka Ba: Magana Kan Imel Ɗin Da Ya Ƙi Shiga Foldar Haɗaka



Yau magana ce kan wata matsala da ke ba ma'aikata da 'yan kasuwa ciwon kai, musamman waɗanda ke gudanar da aikin ofis a kan waya. A wurin aikinku akwai folda ɗaya ta imel da kuke amfani da ita ku da yawa, inda ake tara saƙonnin kwastomomi, ko rasit, ko takardun oda. Saƙo ya shigo maka, ka danna shi, ka zaɓi ka matsar da shi zuwa can, sai waya ta ce a'a. Wani lokaci ta rubuto maka da Turanci cewa ba ka da izini, za ka ga kalmar permission ko access a cikin rubutun. Wani lokaci ba za ta ce komai ba, saƙon ya tafi kamar ya shiga, bayan minti biyu ka ga ya dawo inda yake. Wani lokaci kuma foldar ce ma gaba ɗaya ba za ta fito a cikin jerin ba.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Mafi yawan lokuta wayar ba ta da laifin komai. Kuma magunguna biyu da mutanenmu suka fi gudu wajensu, wato a yi wa waya filashin ko riset, ko kuma a karɓi kalmar sirrin oga a shiga da ita, duka biyun sun fi cutar illa. Na farko ɓarnar kuɗi ce da hotuna da lambobi. Na biyu kuwa ɓarnar amana ce, kuma ita ba a gane ta sai ranar da ta fashe. Bari mu bi abin daki-daki.

Izini iri biyu ne, kada ka haɗa su

Abin da ke rikita mutane shi ne kalmar izini tana fitowa a wuri biyu. Akwai izinin waya. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, manhaja kan tambaye ka kafin ta taɓa kamararka ko lambobinka ko hotunanka, ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba. Wannan a hannunka yake, ka shiga saitin waya ka kunna ko ka kashe. Idan Gmail ko Outlook ta ƙi ɗauko hoto daga wayarka don ta liƙa a saƙo, to nan za ka duba.

Akwai kuma izinin saba. Saba ita ce babbar kwamfutar Google ko Microsoft ko ta kamfanin da ke riƙe muku imel, inda ainihin saƙonnin suke zaune. Abin da kake gani a wayarka leƙe ne kawai kake yi ta taga. Foldar haɗaka tana can, kuma akwai jerin sunaye a jikinta: wane zai iya gani, wane zai iya sakawa, wane zai iya gogewa. Mai foldar ko admin ɗinku ne ke rubuta wannan jeri. Babu wani maɓalli a cikin wayarka da zai canza shi.

Ka ɗauke shi kamar sito a kasuwa. Maigida ya ba ka damar shiga ka ƙirga kaya, amma bai ce ka ajiye ko ka fitar ba, mai gadi kuma ya san da haka. Ko ka koma gida ka canza riga ka dawo, mai gadi ba zai bar ka ka fitar da kwali ɗaya ba. To yi wa waya riset kamar canza rigar nan ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Matsar da saƙo aiki biyu ne

Ga wani abu da da yawa ba su sani ba. In ka ce a matsar da saƙo, a idonka aiki ɗaya ne, amma a wajen saba biyu ne. Za ta ajiye shi a sabon wuri, sannan ta cire shi daga tsohon wuri. Kowanne da izininsa daban. Sai kana da izinin sakawa a foldar da za a kai shi, kuma kana da izinin gogewa a foldar da za a ɗauko shi. Ɗaya ya ɓace, aikin ya tsaya.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tsarin IMAP, wanda manhajojin imel da yawa ke magana da saba ta hanyarsa, yana da ƙa'idar izini da aka sabunta a 2005, inda kowane izini yake da harafinsa. Harafin l na ganin cewa foldar tana nan, r na karanta abin da ke ciki, i na saka saƙo, t na yi wa saƙo alamar gogewa, e kuma na share shi gaba ɗaya. Ka ga ke nan mutum zai iya samun l da r, yana gani yana karantawa, ya ɗauka komai a buɗe yake, alhali ba shi da i.

Shi ya sa saƙo ke tafiya ya dawo. Manhajar waya tana saurin nuna maka kamar an gama don kada ka jira, sai daga baya ta kai wa saba buƙatar. Saba ta duba jerin sunaye ta ƙi, manhaja ta mayar da saƙon inda yake. Mutum sai ya ce sabis ne, ya sayi data, ya hau bene yana neman netwok.

Masu amfani da Outlook

In wurin aikinku Microsoft 365 suke amfani da shi, matakan izinin folda suna da sunaye, kuma yana da kyau ka san su yadda suke a rubuce a allo. Mai matakin Reviewer karatu kawai zai yi. Mai Contributor zai iya sakawa amma ba zai iya karanta abin da ke ciki ba, kamar akwatin ƙorafi ne, ka jefa ka wuce. Mai Author zai karanta, ya saka, ya gyara ko ya goge abin da shi ya saka kaɗai. Mai Editor zai yi duk wannan har a kan abin da wasu suka saka. Owner kuwa shi ne mai gida, shi ke ƙara mutane ya cire su.

To lissafa da kanka. Kai Reviewer ne a foldar, kana son kai saƙo ciki, ba zai shiga ba. Kai Author ne, kana son fitar da saƙon da abokin aikinka ya ajiye ka kai wata folda, ba zai fita ba, domin fitarwa gogewa ce, kuma ba naka ba ne.

Akwai wasu tarkuna guda uku a nan. Na farko, folda a cikin folda. In an ba ka izini a ƙaramar folda amma ba a buɗe maka ganin uwar foldar da ke samanta ba, har zuwa saman akwatin, ba za ka iske hanyar zuwa wurinta ba. An ba ka makullin ɗaki, ƙofar zaure a rufe. Akwai wani ɗan akwati da mai foldar zai yi wa alama a kowace uwar folda, an rubuta Folder visible a jikinsa. Na biyu, izinin da aka ba ka yau a uwar folda ba ya sauka da kansa kan ƙananan foldodin da aka riga aka ƙirƙira tun da can, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Sababbin da za a ƙirƙira daga baya su ne ke gadon izinin uwar. Na uku, lokaci. In admin ya ƙara ka a akwatin haɗaka, yakan ɗauki har kusan minti 60 kafin abin ya kama. Kada ka kira shi bayan minti biyar kana cewa bai yi ba.

Sannan ka san bambancin foldar haɗaka da akwatin haɗaka. Folda yanki ce ta akwatin wani mutum da ya buɗe maka. Akwatin haɗaka kuwa adireshi ne sukutum na kowa, irin wanda kwastomomi ke rubuto wa kamfani. Shi izinin buɗe shi daban, izinin aika saƙo da sunansa daban. Kuma in ba a saya masa lasisi ba, iyakarsa 50 GB. Ranar da ya cika, ko kai ne Owner ba zai karɓi ƙari ba. Wannan cikowa ce, amma a idon mai waya duk ɗaya ne, saƙo dai ya ƙi shiga.

Masu amfani da Gmail

Nan kuma labarin ya bambanta. Gmail ba ta da foldar haɗaka irin ta Outlook. Abin da kake gani a gefe kamar folda, lakabi ne da kake liƙa wa saƙo, kuma naka ne kai kaɗai. Ka ƙirƙiri lakabi mai suna Oda a asusunka, abokin aikinka ba zai taɓa ganinsa a nasa ba. Haka kuma in kana da asusu biyu a waya ɗaya, manhajar Gmail ba ta ɗauke saƙo daga wannan ta kai wancan, sai dai ka tura shi kamar yadda ake tura kowane saƙo.

Hanyar da Google ta tanada ita ce wakilci. Mai asusun zai hau kwamfuta, ya shiga saitin Gmail, ɓangaren asusu, ya ƙara adireshinka a matsayin wakili. Za a aiko maka da gayyata, ka amsa kafin mako guda ya cika, in ba haka ba ta mutu. Bayan ka amsa yakan iya ɗaukar har awa 24 kafin ya fara aiki. Wakili zai karanta, ya aika, ya goge, amma ba zai iya canza kalmar sirri ba. Asusun Gmail na kyauta yana ɗaukar wakilai har 10. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da yawa kuma in sun ce foldar haɗaka, ta Google Drive suke nufi, inda suke ajiye takardun da aka liƙo a imel. Nan matakai uku ne: Viewer mai kallo, Commenter mai tsokaci, da Editor. Editor ne kaɗai zai iya ajiye abu a ciki. Kuma abin da ka ɗora, a cikin 15 GB ɗinka ake lissafa shi, ba na mai foldar ba. Wannan 15 GB ɗin kuwa Gmail da Drive da Google Photos ne ke rabonsa. In bidiyon biki sun cinye shi, ba za ka iya ɗora komai ba, har sabon imel ma zai daina shigo maka.

Amma babban abin da na fi gani a wajen aikina shi ne rikicin asusu. Waya ɗaya, Gmail uku: wanda aka buɗe ranar sayen waya, wanda aka buɗe don neman aiki, da na ofis. An ba na ofis izini, amma manhaja a kan na farko take. Wata sakatariyar makaranta ta taɓa kawo min waya a kan a yi mata filashin saboda foldar sakamakon jarrabawa ta ƙi karɓar takarda kwana biyu. Muka danna ɗan hoton da ke sama ta hannun dama, muka koma asusun makaranta, takarda ta shiga. Ko murfin wayar ba a buɗe ba.

Abin da za ka bi kafin ka kashe ko sisi

Na ɗaya, ka karanta abin da aka rubuto, ka ɗauki hoton allon. Yawancinmu da mun ga Turanci ya fito sai mu danna mu kore shi, alhali amsar tana ciki.

Na biyu, ka tabbatar da asusun da kake kai. Ka duba adireshin harafi bayan harafi, ka tambayi wanda ya ba ka izinin wane adireshi ya rubuta.

Na uku, ka matsar da saƙon zuwa wata folda taka ta kanka. In ya tafi ya zauna, to waya da manhaja da sabis duk lafiya suke. Magana ta koma kan foldar haɗaka.

Na huɗu, ka buɗe burauza kamar Chrome, ka shiga imel ɗin ta can, in da hali a kwamfuta. In ya ƙi a can ma, an wanke wayarka tas. In ya yi a can amma ya ƙi a manhaja, to ka sabunta manhajar, kuma ka sani ba duk abin da kwamfuta ke yi ne manhajar waya ke iya yi ba, musamman kai saƙo daga wani akwati zuwa wani.

Na biyar, in kana kan kwamfuta, ka gwada kwafi maimakon matsarwa. Kwafi ya yi, matsarwa ta ƙi, matsalar tana wajen da kake ɗaukowa, ba ka da izinin gogewa. Duka biyun sun ƙi, matsalar tana wajen da kake kaiwa.

Na shida, ka tambayi abokin aiki ko shi nasa yana yi. In kowa ya tsaya, a duba ko akwatin ya cika. In kai kaɗai ne, sunanka za a duba.

Na bakwai, in adireshin kamfani ne da aka saka maka da hannu a manhajar imel ta waya, ka duba ko da POP aka saka shi. Shi POP sauko da saƙonnin akwatin shiga kawai ya sani, bai san da sauran foldodin da ke kan saba ba. Sai an sake saka shi da IMAP ko Exchange.

Na takwas, ka rubuta wa admin ko mai foldar, kuma ka rubuta abin da zai iya aiki da shi. Kada ka ce masa kawai "imel ɗina ba ya yi". Ka ce: "Barka da aiki Yallaɓai. Ina son matsar da saƙo daga akwatina zuwa foldar Oda ta haɗaka. Ina ganinta, ina karanta abin da ke ciki, amma sakawa ta ƙi, a waya da burauza duka. Ga adireshina, ga hoton abin da ta rubuto. Don Allah a duba ko ina da izinin sakawa." Wanda ya samu irin wannan saƙo, aikin minti biyu ne a wajensa.

Cire asusu a sake saka shi, shi ne na ƙarshe, kuma sai ka tabbatar ka san kalmar sirrinka, layin da ake turo maka lambar tabbatarwa ma yana hannunka. Riset kuwa babu shi a jerin nan ko kaɗan. Tun daga Android 5.1 akwai kariyar da ke sa waya ta nemi tsohon asusun Google bayan an goge ta. Mutum nawa ne suka manta kalmar sirrin asusun da yaron shago ya buɗe musu shekara huɗu da suka wuce? Ka zo da matsalar folda ɗaya, ka koma da waya a kulle. Garin neman gira an rasa ido.

"To oga ya ba ni kalmar sirri mana a huta"

Nan ne ainihin inda nake son mu tsaya. In izini ya ƙi, hanya mafi sauƙi a wurinmu ita ce oga ya ce ungo kalmar sirrina, shiga ka yi. Wasu wuraren ma a jikin bango ake rubuta ta, ko a tura ta a guruf ɗin WhatsApp. Na san dalilan da ake bayarwa, kuma ba na raina su.

Ana cewa ai mu 'yan uwa ne, yaron nan ɗan yayata ne, na yarda da shi. To ban ce yaron ɓarawo ne ba. Amma wayarsa fa? Za a iya sace ta, ƙaninsa zai ɗauka ya yi wasa, zai kai ta gyara. Kuma kalmar sirrin Gmail ba imel kaɗai take buɗewa ba. Tana buɗe Drive, da hotunan iyalinka, da lambobin wayarka, da kalmomin sirrin da Chrome ya adana maka. Da ita ake karɓar saƙon canza kalmar sirrin Facebook. Takardar bayanin asusunka na banki ma ta imel ake turo ta. Har goge wayarka daga nesa ana iya yi da ita, ta hanyar nemo wayar da ta ɓata. An nemi makullin sito ɗaya, ka miƙa na gida gaba ɗaya har da na ɗakin kwana.

Ana cewa aiki na gaggawa ne, kwastoma yana jira. Gaskiya ne, akwai ranar da ba za a iya jiran awa guda ba. Amma in gaggawa ce, ka tura saƙon ga wanda yake da izini ya ajiye, ko ka bar shi a akwatinka ka amsa wa kwastoma daga nan. Saƙon da bai shiga folda ba bai ɓata ba. Kalmar sirrin da aka bayar don gaggawar rana ɗaya kuwa, shekara take yi a wayar mutum.

Ana cewa mu ƙaramin shago ne, ba mu da admin, ba mu da kuɗin lasisi. To wakilcin Gmail da na faɗa a sama kyauta ne, har mutum 10. Foldar Drive ma kyauta ce. Abin da ake buƙata zama ɗaya ne a gaban kwamfuta, ko a shagon intanet, ka fita daga asusunka in ka gama.

Yanzu ka duba ranar da abu ya ɓaci. Mutum biyar suna shiga da kalmar sirri ɗaya, saƙon wani babban kwastoma mai ɗauke da shaidar biyan kuɗi ya ɓace. Wa ya goge? A idon saba duk mutum ɗaya ne, oga. Kowa zai rantse, zargi ya faɗa kan wanda ya fi rauni, yawanci sabon yaro. A Gmail abin da aka jefa kwandon shara kwana 30 yake yi ya tafi, mai shiga da kalmar sirri kuma zai iya zubar da kwandon nan take. A Microsoft 365, abin da aka share daga kwandon akan iya dawo da shi cikin kwana 14, sai in admin ya ƙara wa'adin zuwa 30. In ba a lura da wuri ba, shi ke nan. Amma in kowa da sunansa yake shiga, saƙon da wakili ya aika a Gmail yana nuna adireshinsa, kuma wanda ba a ba izinin gogewa ba a Outlook ba zai ma iya gogewa ba, ko da kuskure. Izini yana kare oga, yana kuma kare yaro daga ƙazafi.

Sai ranar rabuwa. Ma'aikaci ya bar aiki, wataƙila ba a rabu da daɗi ba. In da izini aka ba shi, a cire sunansa ɗaya, an gama. In kalmar sirri ce, sai an canza, a bi kowa a sake ba shi sabuwa, kuma sau da yawa ba a canzawa saboda ƙiwuya. Mutum yana wani kamfanin yana karanta farashin da kuke ba kwastomomi. Ga masu aiki a Najeriya, a tuna kuma akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan wasu nauyin tsare su. Makaranta mai sunayen yara, asibiti mai bayanan marasa lafiya, shago mai lambobin kwastomomi, duk amana ce a hannunsu.

Ku ma masu bayar da izini da naku laifin

Kada a ce ma'aikata kaɗai nake yi wa faɗa. Wasu ogogin da admin suna matse izini har aiki ya gagara. Ka ce wa mutum aikinsa shi ne jera saƙonni a folda, sannan ka ba shi Reviewer. Me kake so ya yi? Zai fara tura takardun ofis zuwa Gmail ɗinsa na gida, ko ya ɗauki hoton allo ya watsa a WhatsApp, abin da kake gudu ya faru ta bayan gida. Makullin da ya hana mai gaskiya aiki, shi ke koya masa haura katanga.

Ku zauna ku duba aikin kowa. Mai jerawa da kwashewa, Editor. Mai kawo rahoto ya ajiye ya tafi, Contributor ko Author. Mai bincike da ke dubawa kawai, Reviewer. Owner kada ya wuce mutum biyu, kada kuma ya zama mutum ɗaya tak, saboda ranar da ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya. Bayan kun bayar, ku sa mutumin ya gwada a gabanku, ya saka saƙo ɗaya ya fitar da ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk bayan 'yan watanni ku buɗe jerin ku cire waɗanda suka bar aiki.

'Yan uwana masu gyara

Mu ma kalma ɗaya. In kwastoma ya kawo irin wannan, kuɗin filashin yana da daɗin karɓa, amma gobe zai dawo da matsalarsa yadda take, ƙari da ɓatan hotuna. Ka yi masa gwajin folda da na burauza a gabansa, ka gaya masa gaskiya cewa maganin yana ofishinsu. In ana buƙatar kalmar sirri, ka miƙa masa wayar ya rubuta da hannunsa, kai ka kau da kai. Kuɗin duba waya ka karɓa in kana karɓa, wannan haƙƙinka ne. Wanda ka gaya wa gaskiya yau, shi zai kawo maka canjin sikirin gobe, ya turo maka 'yan ofishinsu.

Kai kuma mai waya, in ka sake ganin rubutun nan na rashin izini, kada ranka ya ɓaci da wayar. Saba ce ke gaya maka cewa sunanka bai kai inda kake son zuwa ba. Ka ɗauki hoton allo, ka duba asusu, ka yi gwajin nan, ka nemi izinin da ya dace da aikinka da sunanka. In an miƙo maka kalmar sirri, ka ce na gode Yallaɓai, amma a saka sunana ya fi min kwanciyar hankali.

Wanda yake da tambaya ya ajiye ta a ƙasa, ya faɗi manhajar da yake amfani da ita da abin da ta rubuto masa. Amma ka rufe adireshinka da sunayen mutane kafin ka ɗora hoton allo, kuma duk wanda ya biyo ka ta bayan fage yana neman kalmar sirri ko lambar da aka turo maka wai zai taimaka, kada ka ba shi. Ku tura wa abokan aikinku, musamman wanda ke riƙe da imel ɗin ofis. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.